Kwalbar Baba Mumuni

Tun da matata Memuna ta rasu ba ni da aikin da ya wuce in ɗauko kujerata in rana ta fito, in kafa ta a bakin titin Nima, in zauna ina kallon motoci. Yara suna ta fama da ni wai in koma ciki, hayaƙi zai ƙara mini tari. Ni da na yi shekara arba'in da ɗoriya a bayan sitiyari ina shaƙar hayaƙin nan, sai yanzu zai tuna da ni? Daga inda nake zama ana hango allon gidan mai, wanda ake rubuta farashi a jikinsa da jar wuta. Idona ya yi rauni, ba na iya karanta lambobin, amma ba ni da bukatar karantawa. Ranar da aka canza su kunnena ne yake gaya mini. Trotro, motar hayar cikin gari, za ta tsaya, yaron mota ya leƙo da rabin jikinsa yana kiran “Sakul, Sakul!”, wato masu zuwa babban shataletalen gari, wata mai tallan kifi ta tambayi kuɗin mota, ya faɗa mata, sai rigima ta kaure da Hausa da Tuwi da Ga, kowa da yaren da ya fi iya zagi da shi. Kafin azahar mai koko ta rage ludayi, mai wake da shinkafa ta rage cokali, alhali babu wadda ta taɓa zuba fetur a tukunyarta.

Na ga gwamnatoci iri-iri a ƙasar nan, masu kaki da masu kwat, kuma a kan maganar mai halinsu ɗaya ne. Wanda ba ya kan mulki zai zo unguwarmu ta Zongo a watan azumi da buhun shinkafa da sukari, ya sa hula irin tamu wadda ba ta zauna masa ba, ya rantse in ya hau, mai zai sauko. In ya hau sai ya koyo sabon karatu: kasuwar duniya, dala ta tashi, kuɗinmu sidi ya faɗi, ana yaƙi a wata ƙasa da ban san ko gabas take ko yamma ba. Wanda ya sauka kuma ya ari hular ya zo da tasa shinkafar. Wata jikata mai karatun jami'a ta zaunar da ni ta yi mini bayani, ta ce Kaka, ba duka ne ƙarya ba, man da dala ake sayo shi, sannan a cikin kowace lita akwai haraji a kan haraji, har da na gyaran titi. Na ce wane titin? Wannan da na san ramukansa tun suna ƙanana? Lokacin da aka ce an tono mai a tekunmu har kiɗa aka yi a tasha, ni ma da furfurata na taka. Ashe ɗanyensa ake lodawa a jirgi a tafi da shi, mu kuma mu sayo tatacce da kuɗin wasu. To, wannan magana ce ta masu ilimi da masu surutu a rediyo, su suka san kanta. Ni abin da ya dame ni wata koriyar kwalba ce da ke ƙarƙashin gadona, ina tsoron in na tafi babu mai ba da labarinta.

Nimar da na tashi a cikinta ba ta da wannan allo, ba ta ma da wannan titi. Abin da za ka fara ji shi ne ladan da muryar da Allah ya ba shi, babu lasifika, sai ƙarar bokitai a layin famfo, sai injin niƙa ya soma tari a bayan gidanmu. In gari ya waye sai motocin katako su amsa. Ba makulli ake murɗa musu ba, ƙarfe ake zura musu a hanci a yi ta juyawa har su yarda, in suka ƙi kuma ƙarfen ya dawo ya bugi hannun mai juyawa. Har yau in hadari ya haɗo wuyan hannuna na dama yana tuna mini. Mahaifina Bagobiri ne, fataucin goro ya kawo shi Zongo Len. Ya so in gaje shi, ni kuma zuciyata tana tasha. Da ya gaji da dukana sai ya kama hannuna ya kai ni wajen Baba Mumuni, wani gajeren Bazabarme da ya tuƙa motar soja tun zamanin Turawa, ya ce, “Ga shi nan, in ya yi hankali naka ne, in ya lalace ma naka ne.” Shekara shida ina wanke mota a bakin babbar kwata, ina dira in sa katako a bayan taya duk inda muka tsaya a kan tudu, kafin ya bar ni in taɓa sitiyari. Ba ya duka, ba ya yabo. In inji ya canza murya sai ya ɗaga yatsa ya ce, “Ka ji? Gaya maka yake yi tun bai kunyata ka a hanya ba.” Da na karɓi lasin shi ya tsaya mini aka ba ni mota, shi ya kuma shige gaba wajen neman auren Memuna a unguwar Mamobi, don mahaifina ya riga ya rasu.

A wajensa kwalbar take. Asalinta kwalbar giya ce, irin wadda mata suke auna kananzir da manja da ita, amma Baba Mumuni yakan ce ya wanke ta sau bakwai, ta musulunta tun kafin a haifi wasunmu. Aikinta ɗaya ne. In aka yi rasuwa a Zongo, ko Bahaushe ne ko Mosi ko Kotokoli ko baƙon da babu wanda ya san garinsu, sai a ɗauko kwalbar da guntun tiyo a bi motocin tasha ɗaya bayan ɗaya. Kowane direba ya buɗe tankinsa, ya tsotsa, ya cika kwalba ɗaya, a juye a motar da za ta ɗauki gawa da wadda za ta ɗauki masu rakiya. Ba a rubuta sunan kowa, ba a kuma tambayar mutum sau biyu. Makabarta da nisa, mu kuwa ba ma kwana da mamaci in da hali, saboda haka kwalbar nan ce take sa talaka ya tafi da jama'arsa. Duk ranar jana'iza za ka ga direbobi suna tofar da yawu suna tauna goro don kashe ɗacin fetur, a sahun salla kuwa kowa warin gareji yake yi. Limaminmu ya taɓa cewa shi a irin wannan rana warin nan ya fi masa turare.

Sai aka shiga shekarun da mai ya ɓace. Zamanin soja ne, gwamnati ta ƙayyade farashi ta ce kada wanda ya ƙara ko kwabo. Farashin ya zauna daram a takarda, man kuma ya bi ta bayan gida, wani ya tsallaka iyaka, wani ya koma hannun 'yan kalabule masu sayarwa a ɓoye. Yanzu mai yana ko'ina, aljihu ne ba ya kaiwa; a lokacin kuwa ko aljihunka ya kai, sai ka san wani wanda ya san wani. Mukan bi layin gidan mai a Sakul kwana da kwanaki. Wanda zai je salla ko cin abinci sai ya ajiye dutse a gurbinsa, kuma kowa ya san dutsen kowa. Na ga dattawa biyu sun shaƙe wuyan juna don wani ya matsar da dutsen wani. A irin wannan layi na yi kwana uku na samo galan ɗaya. Ban zuba a mota ba. Na naɗe shi a buhu na kai gida na tura ƙarƙashin gado, domin Memuna tana cikin watan haihuwa, kuma cikinta na fari a gida aka yi ta fama har yaron ya zo babu rai, ita ma da ƙyar ta sha. Ungozomar asibiti ta gaya mini ido da ido, wannan karon in naƙuda ta tashi in kawo ta da wuri, in ba haka ba kada in zo mata da kuka. Galan ɗin nan shi ne hanyarmu ta asibiti. Kullum Memuna tana mitar warinsa yana tayar mata da zuciya, ni kuwa kullum sai na durƙusa na girgiza shi na ji yana nan.

Ana haka Baba Mumuni ya rasu, wata Talata da hantsi, bayan 'yar jinya ta kwana biyu. Seidu ne ya ɗauki kwalbar. Seidu Badagombe ne, tare muka koyi mota a hannun Baba, abokin faɗana kuma abokin cin tuwona. Ya bi tasha, ya bi layin Sakul, ya dawo da abin da bai fi kwalba biyu ba, don tankuna duk sun bushe. Wannan ba zai kai mota makabarta ba balle ya dawo da ita. A ƙafa kuwa ba za a isa da rana ba, kuma tsofaffin abokan Baba, waɗanda suka fi kowa cancantar su zuba masa ƙasa, ba za su iya tafiyar ba. Ina tsakar gida ina alwala sai ga Seidu a bakin ƙofa, kwalba a hannu, tiyo a wuya, mutum uku a bayansa.

“Bagobiri,” ya ce, da Hausarsa wadda ba ta raba mace da namiji, “kwalba ya zo wurinka.”

Na ce, “Je ka duba tankina, Seidu. Ko ɗigo babu.”

Maganar tanki gaskiya ce, amma ƙarya na yi, kuma na sani. Seidu ma ya sani, don shi ya tsare mini dutsena a layi. Ya dube ni, na dubi buta. Ba a dai tambaya sau biyu. Ya juya zai fita ke nan sai labulen ɗakinmu ya motsa. Memuna ce, ciki har yana rinjayarta, ta ɗoro galan a ka, hannu ɗaya a ƙugu. Ta zo ta durƙusa da ƙyar ta sauke shi a gaban Seidu.

“Yaya Seidu, ga shi,” ta ce. “Maigida ya manta ne. Tun safe hankalinshi ba ya jikinshi.”

Ta ba da man, ta kuma rufa mini asiri, duk lokaci guda. Ni a ranar ban ga rufin asirin ba, wuta kawai nake ji a ƙirji. Da suka fita na bi ta ɗaki na ce, “Kin san abin da kika yi? In abin ya tashi gobe, goya ki zan yi?”

Ta ce, “Wa ya koya maka aikin da muke ci? Wa ya je gidanmu ya roƙa maka ni? Shi za a bari a kwance, mu da mai a ƙasan gado? In na sauka lafiya a kan wannan, Malam, da wane ido zan kalli 'yan barka?” Sai ta ɗan yi murmushi. “Kuma dama warinshi ya ishe ni.”

Ni na tuƙa motar da ta ɗauki Baba. Mota ɗaya aka iya tayarwa, makara a tsakiya, tsofaffi a kan benci, samari a maƙale a jikin katako. Ba zan ɓoye ba, rabin hawayen da na yi a hanyar nan na Baba ne, rabi na tsoro da haushi. Duk sanda na taka totur sai in tuna inda man ya fito. Mun binne shi rana tana ja. A dawowa duk gangaren da muka samu na kashe inji muka sulalo, yadda shi ya koya mini, duk da haka a bakin Mamobi motar ta yi shiru, aka ƙarasa da turi. Kwana biyu ban yi wa Memuna magana mai daɗi ba. Na koma layin Sakul na ajiye dutse, tankar mai ba ta zo ba.

Ranar Juma'a da hantsi wata maƙwabciya ta same ni a layi ta ce in zo, abin ya tashi, kuma ba da sauƙi ba. Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar mata sun cika ɗaki, ina jiyo muryarta daga waje, irin muryar da na ji wancan karon. Na tsaya a tsakar gida kamar an dasa ni, ga mota a bakin lungu, babu abin da zan zuba mata. Ashe Seidu ya riga ni ji. Ya shiga gidan Baba Mumuni inda ake zaman makoki ya ɗauko kwalbar daga kan taga. Wani dattijo ya tare shi ya ce kai, wannan ta matattu ce, ba a kai ta ƙofar mai naƙuda, mugun fata ne. Seidu ya ce, “Baba, in ba a kai shi yau ba, gobe na gawa za a kai shi.” Dattijon ya matsa masa ya wuce.

Abin da aka yi a ranar ban taɓa ganin irinsa ba. Direbobi suka shiga ƙarƙashin motocinsu suna kwance gindin tanki, suna tarar abin da ya kwanta da murfin gwangwani, a tace da hula. Wani mai babur ya karkata babur ɗinsa aka tsiyaye. Wani direban tasi, mutumin Ga, Kirista, wanda ba ya cikin al'adar kwalba, ya ji hayaniya ya tambaya, ya ce a buɗe nasa. Duka-duka aka sami kwalba ɗaya da 'yar ɗoriya. In aka zuba wannan a tanki inji ba zai ma iya jawo shi ba. Sai Seidu ya cire murfin inji gaba ɗaya, ya haɗa tiyo daga kwalba kai tsaye zuwa kafireto inda inji yake shan mai, ya haye madigadi a gefen inji ya zauna, hannu ɗaya ya riƙe ƙarfe, ɗaya ya ɗaga kwalba sama. Haka muka ratsa gari, Memuna a baya a kan tabarma da mata biyu, ni ina leƙen hanya ta gefen kunnen Seidu, shi kuma yana ihu, “Kada ka taka da ƙarfi, Bagobiri! Ya kusa rabi!” Zafin inji ya ƙona masa cinya, tabon yana nan har yau. Mun shiga ƙofar asibiti da abin da bai fi cokali biyu ba a gindin kwalba. Kafin la'asar aka fito aka ce mace ce, uwa da 'ya suna lafiya, amma da mun ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Na zauna a ƙasa a gaban mutane na yi kuka, Seidu yana mini dariya yana fifita cinyarsa da hula. An raɗa wa yarinyar suna ranar bakwai, amma duk Nima da 'Yar Kwalba aka san ta, ga ta yau da 'ya a jami'a sunan bai sake ta ba. Da na je ba Memuna haƙuri ta ce, “Haƙurin me? Ai mantawa ka yi.” Har ta koma ga Allah ba ta taɓa canza wannan magana ba, ko da mu biyu ne a ɗaki.

Kwalbar ta ci gaba da zagaye wasu shekaru, sannan ta daina, babu wanda zai ce ga ranar. Motocin katako sun ƙare, tsofaffi sun ƙare. Direban yanzu ba shi da iko da tankinsa, akwai mai mota yana jiransa kowace yamma. Tankunan ma an yi musu wata dabara, tiyo ba ya shiga. Makabartar kusa ta cika, sabuwa tana can bayan gari. In aka yi rasuwa sai a yi hayar bas, a tura gudummawa ta waya, jama'a su cika titi a yi salla, sannan su watse. Ban zarge su ba, wallahi. Mutumin da kuɗin trotro ya riga ya cinye abincin ranarsa ba za ka ce masa ya yi tafiyar bayan gari ba. Amma abin yana mini ciwo.

Makon da Memuna ta rasu ne aka sake canza allon. Yara suka yi hayar bas ɗaya, iya ƙarfinsu ke nan. Sahun salla har titi, don mace ce mai mutane. Ana sallamewa sai na ga ana ba ni hannu ana sulalewa. 'Yan okada na bakin lungunmu, waɗanda ta sha aika musu da ruwan sanyi, suna zaune a kan baburansu kowa ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, matar da ta ɗauko galan a ka don a raka wani, ita za ta tafi da mota ɗaya.

Sai ga Seidu. Ya daɗe ba ya fita, ido ya kusa tafiya, amma ya tako daga Mamobi da sanda. A hannunsa koriyar kwalba, cike, an toshe bakinta da tsumma. Ashe tana wajensa duk shekarun nan, kuma sai da ya biya gidan mai ya yi musu taurin kai suka zuba masa. Ya lalubo direban bas ya ce, “Buɗe tanki, ɗana. Na Memuna ne.”

Direban ya shinshina, ya dube ni, ya dubi Seidu. “Baba, ka yi haƙuri, wannan fetur ne. Motan nan dizal yake sha. In na zuba ba za mu kai ba.”

Seidu ya tsaya da kwalba a hannu. A zamaninmu duk motar tasha fetur take sha, bai san canjin ya kai har nan ba. Wani ya fara dariya ya haɗiye. Sai 'Yar Kwalba ta fito daga cikin mata, idonta jajir, ta durƙusa a gabansa ta karɓa da hannu biyu. Ta juya wajen 'yan okada ta ce, “Kun san ni da 'Yar Kwalba, ba ku san dalili ba. To, ga kwalban. Wa zai kai tsohon nan ya zuba ma Mma ƙasa?”

Ɗaya daga cikinsu ya sauko ya buɗe tankinsa, ta juye. Aka ce Seidu ya shiga bas an ba shi kujerar gaba, ya ce a'a, inda man ya shiga nan zai hau. Aka ɗora shi. Babur na biyu ya tashi, na uku ya tashi, suna kiran mutanen da suka soma tafiya su dawo su hau. Ba duka suka biyo ba, amma an biyo. Ta tagar bas ina hango Seidu, ya rungume direbansa da hannu ɗaya, kwalba a ɗayan, bakinsa yana motsi. Ban ji ba, amma na san abin da yake ce masa: kada ya taka da ƙarfi.

Da muka gama ya miƙo mini ita ya ce, “Riƙe, Bagobiri. Ban san wanda zai riga wani ba.” Na kawo ta gida na tura ta ƙarƙashin gado, daidai inda galan ya zauna. Na gaya wa 'Yar Kwalba in ranar tawa ta zo ta fito da ita, ko da babu mai cikawa. Ban wanke ta ba, har yanzu tana ɗan wari. In na shiga ɗaki na ji warin sai in tsaya a bakin ƙofa, ina jira a yi mini mita.